Layin Ƙasan Takardar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga yayan Balkisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Rabi da yara, da fatan takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Mu nan Illela lafiya lau muke, sai zafi da ya matsa. Allah Ya tsare min kai a hanyar da za ka kama, Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya.

Sunanka da ke bayan ambulan ƙanwarka Balkisu ce ta rubuta, ka san ni ba zan iya ba. Abin da ke ciki kuwa hannuna ne tun daga farko har ƙarshe. In ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri, wadda ta fara riƙe biro tana da shekara hamsin da biyu ba za ta yi rubutu irin na ɗalibanka ba. Kwana huɗu na yi ina rubuta ta da hantsi, lokacin da idona ya fi gani. Da na so sai in kira ka a waya, amma ka san halina. Da na ji muryarka sai in ce ya aiki, ya yara, in kashe. Haka aka raine mu, uwa ba ta sakin baki da ɗan fari. Takarda ba ta kallon idona, shi ya sa na zaɓe ta.

Rabi ta faɗa wa Balkisu, Balkisu ta faɗa min, cewa ka ɗauki hutu daga kwalejin da kake koyarwa a Sakkwato, kuma ranar Litinin za ka tafi Kano. Wai wani kamfanin matse mai ne ya kira ka ka duba yadda suke aiki, ka rubuta musu abin da za su gyara. Wai mai kamfanin yana ganin ma'aikatansa sun yi yawa. Wai kuma kai ka ce mako ɗaya ya ishe ka. Tun da na ji wannan magana ta ƙarshe abinci bai yi min daɗi ba. Ban san kamfani ba, ban taɓa shiga ko ɗaya ba. Kurakuraina kawai na sani, su zan ba ka.

Zan fara da ƙaramin. Lokacin da ka shiga karatun injiniya, na bi unguwa ina cewa ɗana zai zama mai gyaran inji. Ka tuna hutunka na farko, da ka tarar da janareto biyu da injin markaɗen maƙwabta a zaure suna jiranka? Ka tsaya kana kallonsu, ka ce, “Inna, ni ba inji ake koya min gyarawa ba, aiki ake koya min gyarawa.” Na ce to. Ban gane ba, kuma kunya ta hana ni tambaya. Maƙwabta suka kwashe kayansu suna dariya, har mai markaɗe ya ce wannan injiniya na kallo ne. Shekaru na yi in an tambaye ni aikinka sai in ce yana boko. Sai daga baya na fahimci cewa kai kana duba inda mutum yake tsayawa, da inda yake ajiye kaya, da tafiyar da yake yi a banza, don aiki ya yi sauri kuma jiki ya huta. To ka sani, ma'aikatan da za ka tarar kamar ni suke. Za su gan ka da agogo da takarda, kunya ko tsoro ya hana su tambaya, su ɗauka an turo ka leƙen asirinsu. Ranar farko ka tara su ka faɗa musu abin da ya kawo ka, da irin Hausar da uwarka za ta gane. In uwarka ba za ta gane ba, ba ka faɗa ba tukuna.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Kana cikin koyarwarka lafiya, ɗalibai suna biyo ka har gida da sallah, sai aka yi maka tayin aiki a kamfanin robobi. Ka zo ka zauna bakin ƙofar ɗakina ka ce kana shawara. Ban tambaye ka abin da ranka yake so ba. Na ce ɗan wance da ke kamfani ya zo da mota, malamin makaranta kuwa sai alli a riga. Ka tafi. Shekara shida ka yi can, ka dawo da mota da gyambon ciki, wuyanka kamar na zakara. Ranar da ka ce za ka koma aji na ga fuskarka ta sake, a nan na san ni na tura ka. Ba na cewa shekarun nan sun tafi a banza, kai da kanka ka ce abin da ka gani a can shi kake koyarwa yanzu. Amma wannan karon kada ka tsaya wuri don bakin kowa, har da nawa. In mai kamfanin ya matsa maka ka rubuta abin da idonka bai tabbatar ba, ka ɗauki jakarka. Aji yana nan, alli bai ƙare ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka zauna kafin ka karanta.

Ka tuna Gwaggo Tumba, tsohuwar nan 'yar ƙauyen Araba da take aiki a wurina lokacin da nake sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wadda take ce maka angona, kai kana ce mata amarya mai haƙori uku. Mu bakwai ne a tsakar gida a lokacin, ni da mata shida. Shekara goma sha biyar ta yi tare da ni, tun ina soya kwano biyu har muka kai ana zuwa daga Konni da jarkoki.

A shekararka ta ƙarshe a makaranta aka ce kowane ɗalibi ya nemo wata sana'a ya auna ta. Ka zo gida da agogon nan mai maɓalli da ake dannawa, ka ɗauki tabarma ka zauna gindin darbejiya, Talata da Laraba. Mata suna ta tsokanarka. Gwaggo ta ce, “Angona, mi kake ƙirgawa? In shekaruna ne, agogon ga ba ya kai.” Ka ce, “Zamanki nake ƙirgawa, amarya, na ga kin fi kowa iya shi.” Aka yi dariya, har da ni.

Da ka gama, na ce ka rubuta min tawa da Hausa in ajiye. Ban iya karatu ba, amma ina son a ce ɗana ya yi takarda a kan sana'ata. Ka zana tsakar gidan, ga kasko, ga turmi, ga randa, da kibiyoyi suna nuna inda kowa ke bi. Ranar da za ka koma, ka tsaya kana karanta min, akwai maƙwabta biyu a wurin. Ka ce a matso da turmi kusa da murhu don a daina yawo da ruwan zafi. Ka ce a ɗaga kasko a kan duwatsu don bayan mai suya ya huta. Ka zo kan sunaye, ka ce Gwaggo Tumba, cikin awa shida, awa huɗu tana zaune. Ka buɗe baki za ka ci gaba, na ce, “Ya isa, na gane, kada mota ta tafi ta bar ka.” Gaskiyar magana ba mota ce ta dame ni ba. Na ji abin da zan yi taƙama da shi a gaban maƙwabta, sauran bai dame ni ba.

Turmi da kasko na gyara su yadda ka ce, kuma wallahi ka yi gaskiya, aiki ya yi sauƙi, ƙonewar hannu ta ragu. Wannan ne ya ƙara ruɗa ni. Na ce tunda takarda ta yi daidai a kan turmi, ta yi daidai a kan mutum. Bayan mako biyu na kira Gwaggo ɗaki.

Na ce mata ta huta haka nan. Ta dube ni ta ce, “Hajo, mi na yi?”

Na ce, “Ba ki yi komai ba, Gwaggo. Takarda ce ta nuna.”

Ta ce, “Takardar angona?”

Na ce ita.

Ta gyara ɗaurin kallabinta, sannan ta ce, “To, tunda boko ya gani, ai ya gani.” Ta ɗauki faifanta da 'yar jakarta ta fita. Kujerarta 'yar tsugunno ma ba ta ɗauka ba, tana nan ƙarƙashin gadona har yau.

Bari in faɗa maka abin da take yi a zaman nan na awa huɗu, abin da na sani sarai tun kafin a haifi agogonka. Tana zama ne tsakanin kasko da turmi. Ba ta kallon kasko, saurarensa take yi. In ƙarar gyaɗa cikin yashi ta sauya sai ta ce, “Kwashe.” In ana juya markaɗe a turmi ana zuba ruwan zafi, ita ke cewa “ƙara,” ita ke cewa “tsaya,” mai ya taso ya kwanta a kan tunkuza. Kalma uku ke nan, ko ka danna agogo ba za su cika minti ɗaya ba. Ranar Lahadi kuma, da kai ba ka gani ba, ita nake ɗauka mu shiga kasuwa. Takan zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ta ɗauko daga ƙasa, ta ciza da haƙoran nan uku, ta ce wa mai gyaɗa, “Wagga an yayyafa mata ruwa, ɗan nan, ka ji tsoron Allah.” Ko ta ce wannan ta kwana a ƙasa, akwai fumfuna a cikinta. 'Yan kasuwa in sun hango mu sai su ɓoye wani buhun su fito da wani. In mata biyu sun fara cacar baki kuwa, ita ke jefa wasa ɗaya kowa ya koma bakin aikinsa.

Ba a yi wata guda ba mai ya fara ɗaci. Wata 'yar kasuwa daga Konni, wadda ta shekara tara tana saye a wurina, ta dawo da jarkoki a bayan kabu-kabu, ta ce, “Hajo, man ga naki yana kama maƙogwaro, mi ya faru gidan ga?” Na ce gyaɗar bana ce. Suya tana ƙonewa yau, gobe ta fito ɗanya. Mata biyu suka yi faɗa a kan taɓarya, ɗaya ta tafi. Sana'ar ba ta mutu a ranar ba, a hankali ta riƙa ramewa, har ta koma ni kaɗai da kwano biyu kamar yadda na fara.

Za ka ce me ya hana ni zuwa Araba in dawo da ita, ga ta nan kusa. Abin da ya hana ni shi ne na riga na faɗa wa unguwa cewa ɗana ya auna gidana da ilimi. In na dawo da ita, na ce takardarka ta yi ƙarya ke nan a gaban masu ce maka injiniyan kallo. Na zaɓi sunanka a bakin mutane, na bar tsohuwa ta koma roron wake a gonakin wasu da shekara sittin a kanta.

Kuma na yi maka ƙarya. Da ka dawo ka ce, “Ina amaryata?” na ce ciwon ƙafa ya mayar da ita gida. Ka shiga kasuwa ka sayo man zafi ka ce in aika mata. Ban aika ba. Ya bushe a cikin kwalbarsa, na jefar. Ka yafe min wannan.

Akwai wani kuskuren a tsakiya, wanda ya ja abin ya yi tsawo. Shekara uku bayan tafiyar Gwaggo aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwarmu. Na shiga. A mako na biyu malamar, yarinya ce sa'ar Balkisu, ta kira ni allo, na rubuta harafi a juye, ta yi dariya, aji ya ɗauka. Na ɗauki mayafina ban sake komawa ba sai bayan shekara tara, da aka kawo wata mai haƙuri. Dariya ɗaya ta ci min shekara tara. Kai malami ne, ko kana aji ko kana kamfani. In babban mutum ya yi kuskure a gabanka, ka riƙe fuskarka. Ni kuma da na daure na koma washegari, da na karanta takardarka tun Gwaggo tana da ƙarfinta.

Da hannuna ya fara faɗawa a karatu, abin da na fara nema shi ne takardar nan. Tana cikin adakata, a naɗe cikin leda. Na zauna na bi ta da yatsa, na ga turmi, na ga kasko, na ga sunan Gwaggo da awa huɗunta. A can ƙasa, da ƙananan haruffa, na ga layin da na hana ka karantawa. Ka rubuta cewa kwana biyu kawai ka duba, ba ka ga ranar sayen gyaɗa ba, kuma kada a yi aiki da abin da ya shafi mutane sai an tambayi masu aikin. Sau uku na karanta don in tabbata ba idona ba ne. Kai, kana yaro ɗan shekara ashirin da biyu, ka yi naka. Ni ce na ce ya isa.

Yau shekara takwas ke nan da karantawata, kuma ban faɗa maka ba, ban je Araba ba. Kullum sai in ce bayan sallah, bayan damina. Wannan shi ne kuskurena na ƙarshe, kuma har yanzu ina cikinsa.

To ga abin da nake roƙonka a kan Kano. Mai kamfanin nan ya riga ya faɗi abin da yake son ji tun kafin ka taka ƙofarsa. Da ka kai wurin a karatunka zai ce ya isa, na gane, kamar yadda na yi. Saboda haka abin da ka saba sawa a ƙasan takarda, ka mayar da shi sama, da manyan haruffa, ya zama shi zai fara ji. Ka faɗi kwana nawa ka duba, ka faɗi abin da ba ka gani ba.

Kuma mako ɗaya bai isa ba. Ni na shekara goma sha biyar da Gwaggo, na san aikinta, takarda ɗaya ta sa na ƙaryata idona, balle kai baƙo. Ka ga ranar da ake sauke kaya daga mota, ka ga wanda yake taɓa buhu kafin a shigar. Ka ga ranar da inji ya tsaya, ka lura da wanda kowa yake juyawa ya kalla. In ka ga wani dattijo yana zaune kusa da inji kamar ba ya komai, ka nemi abin zama ka zauna kusa da shi, ka tambaye shi me yake saurare. Ka ci abinci inda suke ci ko sau biyu ne. Kada ka rubuta sunan mutumin da ba ka gaisa da shi ba, ba ka san 'ya'yansa nawa ba.

Ba ina cewa ka yaudari mai kamfani ba. Amana ya ba ka, kuma wataƙila da gaske mutanen sun yi yawa, ni ban sani ba. In haka ne ka faɗa masa gaskiya, amma ka fara nema musu wani gurbi a cikin gidan kafin ka nuna musu ƙofa. Kai da ka san inda za a matsar da turmi, ba za ka rasa inda za a matsar da mutum ba.

Sauran ƙananan abubuwa. Kada ka shiga wurin inji da babbar riga, ka san yadda bel ɗin inji ya yi da hannun mai niƙa na bakin tasha. Ka karya kumallo kafin ka fita saboda cikin nan naka, ka rage yaji. Ka kama hanya da sassafe, in direba yana gudu ka yi magana, kada ka ji kunya. Ka riƙe sallarka a kan lokaci, ka riƙa kiran Rabi kullum.

Ranar Lahadin da ta wuce wata mai kawo kuɓewa daga Araba ta ce min Gwaggo tana gidan jikanta, idonta ya tafi, kuma tun farkon zafin nan ba ta fita tsakar gida. Ta ce amma hankalinta garau, har tana tambayar mutanen Illela ɗaya bayan ɗaya. Na ce ta tambaye ni? Ta ce, “Ta ce ko angonta ya yi mata kishiya.”

Ina son ka zo ranar Asabar, kafin tafiyarka. Mu ɗauki kujerarta da kwalbar man da na matse da hannuna jiya, mu je. Ni zan yi magana, ni ce mai laifi, kai ka zauna kawai. Tsohuwar takardarka tana cikin ambulan ɗin nan, na naɗe ta a bayan wannan. Ka zo da ita. In na gama neman gafara, ina son ka karanta mata layin ƙasan da bakinka, a hankali, har ƙarshe. Yanzu na iya karanta shi da kaina, amma shekara ashirin da biyu ke nan tana zaton angonta ne ya ce ba ta da amfani, kuma ba daga bakina ba ne ya kamata ta ji cewa ba haka ba ne. Wannan karon ba zan ce maka ya isa ba.

In aiki ya hana ka, zan hau kabu-kabu in tafi ni kaɗai, ba zan ƙara cewa bayan damina ba. Amma zan dafa abinci da kai ranar Asabar.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe. Ya sa alƙalaminka kada ya raba kowa da abincinsa bisa kuskure. Ya jiƙan mahaifinku, Ya raya muku yara, Ya ba Gwaggo Tumba kwanakin da za mu iske ta. Allah Ya yi maka albarka.

Wassalamu alaikum.

Innarka,
Hajara, Illela.